RA'AYINMU: A Tsare Baitulmali, Kada A Zalunci Baƙo

A shekarar 2018 Majalisar Dokokin Amurka ta sanya wani sashe a dokar tsaro da ya hana Ma'aikatar Tsaro ba da kuɗin koyar da harshen Sinanci ga duk jami'ar da ke ɗauke da Cibiyar Confucius, wato cibiyoyin da gwamnatin Sin ke ɗaukar nauyinsu. Zuwa 2023, cibiyoyin da suka kai kimanin 100 sun koma ƙasa da biyar.

Mu dai ba mu ga laifin wannan mataki ba. Kuɗin gwamnati amanar talakawa ce, kuma babu mai hankalin da zai ciyar da ƙungiyar da linzaminta ke hannun abokin gabarsa. Abin da ya daidaita dokar shi ne ta ambaci sunan cibiya, ba ta ambaci ƙabila ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sa'ad da zargi ya tashi daga kan gwamnatin waje ya faɗa kan mutane. A 1942 Amurkar nan ta tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan, galibinsu 'yan ƙasa, sai a 1988 ta nemi gafara. A nan gida, a 1980 an kori Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi wai shi baƙo ne, har sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Idan aka yi wa ɗan majalisa haka, ina ga ɗan tireda ko mai sayar da goro a Sabo, wanda aka haifi kakansa a nan amma har yau ana kiransa baƙo?

Saboda haka, duk ranar da aka kawo irin wannan doka a Nijeriya, muna kira da a cika sharuɗɗa uku: a kafa hujja cewa wata ƙasa ce ke juya ƙungiyar, a saurari ƙungiyar kafin a yanke hukunci, sannan a bar mata ƙofar kotu a buɗe. Sashe na 40 da na 42 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba mu 'yancin kafa ƙungiya, sun kuma haramta wariya saboda asali ko addini.

Mu ma da namu aikin. Kowane reshe ya yi rajista, ya rubuta sunan duk wanda ya ba da gudummawa, ya karanta wa mambobi lissafin kuɗi duk shekara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.