Tocilar jika ɗaya da ƙaryar da ke jikin kwalinta

Akwai wata ƙarya da muka saba da ita har muka daina jin ɗacinta, ita ce kuma ta hana ni sakat a wannan makon. A rubuce take ɓaro-ɓaro a jikin kwalin tocilar da ake jerawa a teburan kasuwa daga Agadas har Tabelot: haske lumen 10,000, wani kwalin ma 100,000, batir mai 9,900 mAh, ruwa ba ya shiga, tana kwana a kunne. Mai lambun albasa da ya ciro jikarsa ya biya ba lallai ne ya karanta rubutun ba, amma mai tebur ya faɗa masa da baki, a kan haka kuma aka yi ciniki. Ba da arha nake faɗa ba, don talaka yana da haƙƙin samun kaya daidai aljihunsa. Faɗana da kayan da aka ƙera don ya mutu da wuri ne, aka lulluɓe shi da alƙaluman bogi, sannan aka kai wa mutanen da tocila ce kaɗai wutarsu idan rana ta faɗi.

Mazaunin Yamai yana ajiye tocila ne don ranar da aka ɗauke wuta. A Tabelot, can gindin dutsen Bagzan, fiye da kilomita 100 daga Agadas a kan hanyar da kowa ya san halinta, tocila kayan aiki ce kamar fartanya. Da ita mai lambu yake tayar da injin ban-ruwa kafin asuba, da ita yake bin kwalbatin ruwa tsakanin fangalolin albasa, tafarnuwa da dankali. Da ita uwa take haska shimfiɗar yaro, domin kunamar ƙasar Abzin tana kashe ƙananan yara, likitocin Agadas sun daɗe da sanin haka. Da damina korama tana iya tasowa da tsakar dare daga ruwan da ya sauka a kan duwatsu, mutanen ƙasa ba su ga ko ɗigo ba. Tun daga 2014 kuma, lokacin da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten ta kuma jawo dubban matasa cikin Abzin, sai ga tocilar goshi ta zama abokiyar shiga rami. Duk wanda tocilarsa ta mutu yana ƙasan rami mai zurfin gaba da yawa, ba jika ɗaya ya yi asara ba, ransa ne a hannun Allah.

A zo a yi lissafi, don ƙaryar ba ta da wuyar kamawa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda ke haska ɗaki guda, lumen 800 yake bayarwa ko kusa da haka. Ƙwan LED mafi kyau da ake samu a kasuwa yana bayar da kamar lumen 200 a kowane wat. Ke nan tocilar da za ta fitar da lumen 10,000 sai ta ci aƙalla wat 50. Batirin lityom zagayayyen nan da ake kira 18650, wanda yake cikin tocilolin caji na zamani da yawa, na ƙwarai daga cikinsa yana ɗaukar kamar 3,500 mAh, wato wutar da wat 50 zai shanye cikin kwatan awa. Zafin da zai fito kuwa ya isa ya narkar da robar da aka yi jikin tocilar da ita. To ina aka samo 100,000? Ina aka samo batir mai 9,900, alhali manyan kamfanonin Japan da Koriya da suka ƙware a wannan batir ba su kai rabin haka ba? Gaskiyar magana, irin wannan tocila tana cin wat 1 zuwa 3, haskenta na gaske kuma 'yan ɗaruruwa ne idan an yi sa'a. Wannan haske ya wadatar da mai lambu, ba wanda ya ce bai isa ba. Amma wanda ya yi maka ƙarya a kan abin da za a iya aunawa, yaya za ka yarda da shi a kan abin da ke ɓoye a ciki?

Abin da ke ciki kuwa ya fi ɓata rai. Shi kansa ƙwan LED ba shi da laifi. Masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin LED, wanda daga gare shi ake samar da farin hasken nan, kuma kwamitin kyautar da kansa ya ambaci mutanen da ba su da wutar lantarki cikin waɗanda za su amfana. Ƙwan da aka kula da shi yana yin dubban awoyi. Maƙiyinsa zafi ne, shi ya sa tocila ta gari take ɗora shi a kan ƙarfen alminiyam da zai janye zafin, take kuma sa ɗan allon da ke daidaita wutar da ke shiga. Tocilar arha tana cire duka biyun. Ana haɗa ƙwan kusan kai tsaye da batir, sai ta yi walƙiya mai kashe ido a mintocin farko, daidai lokacin da mai saye yake gwadawa a gaban tebur, daga nan ta riƙa dushewa. Da gangan aka tsara ta don ta ci jarrabawar kasuwa, ba jarrabawar dare ba. Masu ƙera tocila a Amurka sun amince da wani ma'auni tun 2009, wanda ya ce a ƙirga awoyin aikin tocila zuwa lokacin da haskenta ya koma kashi 10 cikin 100 na farko. Kwalayen da ke zuwa mana ba su bin wannan ma'auni ko wani, duk adadin da ya yi wa mai bugawa daɗi shi yake sawa. Sai makunni na siririn gwangwani da ƙurar hunturu ke cinyewa, da wayoyi kamar zare, da jikin da aka manne da gam yadda ko mai gyaran rediyo ba zai buɗe ba sai ya fasa.

Sai batun batir, inda cutar ta wuce mai saye ta shafi gari duka. Tocilolin caji masu arha da yawa ɗan batirin dalma ne a cikinsu, irin na mota amma ƙarami. Irin wannan batir yana lalacewa idan aka bar shi ya ƙare ƙaf ya kwana biyu ba caji, zafi kuma yana gajarta ransa, ga shi ba a sa abin da zai yanke wuta idan ya cika ba. Wannan kuwa shi ne ainihin zaman ƙauyukan Tabelot, inda caji sai an je shagon mai sola ko mai janareta. Masu cin batirin zubarwa su ma ba su tsira ba: batirin arha jikinsa na tutiya shi ne abin da ke cinyewa yayin aiki, sai ya huje ya zubar da ruwa, ruwan ya ci sifirin, tocila ta mutu da ƙwanta lafiya lau. Ina gawarwakin suke zuwa? Juji, bakin korama, gefen lambu, a ƙasar da rijiyoyinta ba su da zurfi kuma yara ke wasa da duk abin da suka tsinta. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa.

Za a ce ai ko ba komai ta fi aci-bal-bal. Haka ne, ta raba mutane da hayaƙin kananzir da gobara, ban musa ba. Za a ce kowace waya tana da tocila, sai dai ba mai shiga rami ko gyaran inji da hannu ɗaya, kuma cajin waya na kiran gaggawa ne. Hujjar da ta fi nauyi ita ce talaka ba shi da kuɗin mai kyau. To mu ƙaddara tocilar jika ɗaya tana yin wata biyu: a shekara an biya jika shida, ban da batir, ban da daren da aka kwana a duhu. Kuɗin mai kyau ya fita daga aljihunsa, da kaɗan-kaɗan dai aka karɓe. Mafi muni, tun da kowane kwali yana ihun 10,000, ɗan kasuwar da ya kawo ta gaskiya mai rubutun lumen 200 shi ne za a ga kamar ya kawo rarrauna mai tsada. Ƙarya ta kori gaskiya daga tebur, mai son ya sayi nagari ma ba shi da hanyar gane shi.

Masu bin wannan shafi sun san inda zan nufa. Daga jihar nan ta Agadas ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, wanda ya shekara da shekaru yana haska biranen Faransa. A Cirozerin, gundumar da Tabelot take ciki, kamfanin Sonichar yake ƙona gawayin ƙasa yana samar da wuta tun farkon shekarun 1980, kamfanonin haƙar ma'adinai kuma sun daɗe su ne manyan masu shan ta. Mutanen da ke maƙwabtaka da wannan arziki an bar su da tocila, sannan tocilar ma an kasa tabbatar musu da cewa ta gaskiya ce. Wannan raini ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 2007 Bankin Duniya ya ƙaddamar da shirin Lighting Africa, wanda ya kai ga gwada fitilun sola a ɗakin bincike a tabbatar da cewa abin da aka rubuta shi ne abin da ke ciki, tare da wajabta garanti, aikin da yanzu ake ci gaba da shi da sunan VeraSol. Muna da hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya, muna da jami'an duwan a inda kwantena ke shigowa. Auna haske da ƙarfin batir ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A ɗauki samfuri daga kowane kaya, wanda ya yi ƙarya a hana shi shiga, a bayyana sunansa a rediyo da Hausa da Tamashek. Manyan 'yan kasuwarmu da ke zuwa Sin sun san cewa masana'anta ɗaya ce take yin mai kyau take yin marar kyau, abin da ka yi oda shi za a loda maka. Alhazai, ku ji tsoron Allah, ku yi odar wadda ake kwancewa a canza mata batir, ku sa a rubuta gaskiya a kwali. Kai kuma mai saye a Tabelot, kada ka yarda da gwajin minti ɗaya: ka sa a bar ta a kunne har ka gama zagayen kasuwa, ka dawo ka ga abin da ya rage na haskenta kafin ka biya.