Mu Duba Man Giya Kafin Mu Kama Hanyar Paga

A Kanda da Nima da Maamobi akwai masu bin motar shanu da tsohuwar Peugeot 504, wadda ta fara fitowa tun 1968. Kullum muna duba baƙin man inji, amma man giya ba ma tuna shi sai ran da mota ta tsaya.

To, daga Paga zuwa kasuwar shanu ta Tulaku a Ashaiman wajen kilomita 800 ne. In giya ta ƙone maka tsakanin Kintampo da Techiman, shanunka za su isa kasuwa ba ka nan, wani ya yi maka ciniki yadda ya ga dama.

Giya ba ta mutuwa sai ta yi gargaɗi. In ta fara kuka, ko tana fita da kanta, ko ka ga ɗigon mai inda ta kwana, kai ta wurin makanike ran nan. In kuma za ka sayi ta hannu a Abossey Okai, tafi da makanikenka, a buɗe ya ga haƙoranta kafin ka biya. Araha ba ta ado.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.