Mu Ɗinka Tarihinmu Da Hannunmu

'Yan'uwana mata, duk wadda ta duba zannuwan gadon da ake jera wa amare, ko ɗinkin da 'yammata ke yi a makaranta, za ta ga kusan abu guda ne: furanni da kwanduna da aka kwaikwayo daga littattafan Turawa. In an tambaya sai a ce ai ba a san inda za a samo wani zane ba. Lalle wannan ba hujja ba ce.

Ga misali daga Amurka. A can mata kan harhaɗa ƙyallaye su yi bargo mai ba da labari. Wata mace mai suna Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a Jihar Jojiya a 1837, ta ɗinka irinsa wajen 1898, ta raba shi gida 15. A gida ɗaya ta nuna daren 13 ga Nuwamba 1833, da mutane suka ga taurari na zubowa har suka zaci tashin duniya ne. A lokacin ba a ma haife ta ba, a bakin manya ta ji. Yau bargon nan yana ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Boston.

To, mu fa me muka rasa? Ɗinki mai ciko ba baƙonmu ba ne, don kuwa haka ake yin lifidin dawakin sarakuna. Abin zanawa kuma ga shi nan birjik. Ga rijiyar Kusugu ta Daura, ga Dutsen Dala, ga karofin Ƙofar Mata, ga ganuwa da ƙofofinta. Ga jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, ga dalar gyaɗa wadda yanzu sai a hoto, ga tutar da aka ɗaga a 1960. Don adon gefe kuwa, a dubi dagi da aska takwas da zanen bangon gidajen Zariya. Wadda ba ta son zana mai rai, sai ta wakilta labarin da rijiya ko takobi ko tambari.

Amma babbar taska ita ce tsohuwar da ke cikin gida. 'Yammata, ku zauna da kakanninku ku tambaye su. Daga ina zuriyarku ta taso? Wace sana'a aka gada? Me suka gani a shekarar yunwa? Ku zaɓi labari guda, ku raba shi gida shida ko tara, ku fara zanawa a takarda kafin ku sa almakashi. Guntayen yadi kuwa, tela zai ba ku a arha.

Malaman ɗinki su ma su taimaka, su riƙa ba da irin wannan aiki a aji. Ranar da tsohuwa ta kwanta dama, abin da ba a tambaye ta ba ya tafi ke nan. Mu yi azama tun suna raye.

Allah ya yi mana jagora, amin.