Tauraron da malama ke liƙa wa yaronki

Uwargida, idan yaronki ɗan nazare ya dawo gida da tauraro a liƙe a littafinsa, kada ki tsaya a "madalla". Ki tambaye shi me ya yi aka ba shi. Idan ya ce ya ɗaga hannu kafin ya yi magana, ko ya mayar da kujerarsa wurinta, tauraron ya yi aikinsa. Idan kuwa bai sani ba, akwai gyara.

Makarantu da yawa a biranenmu sun ajiye bulala sun koma tauraro da tafi da maki. Jihar Legas ma ta hana dukan ɗalibai a makarantunta a 2022. Wannan ci gaba ne, amma lada ma yana da nasa tarkon.

A 1973, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Mark Lepper, da abokan aikinsa sun gwada yara 'yan nazare masu son zane. Wasu an yi musu alƙawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu kuma sai da suka gama aka ba su ba zato. Bayan 'yan kwanaki, waɗanda aka yi wa alƙawari sun rage zane da kansu, sauran kuwa ba su rage ba. Wato yaron da ya saba da "yi kaza in ba ka kaza", ranar da babu kyauta sai ya zauna.

Don haka ki leƙa makarantar ki gana da malamarsa. Dokokin aji su zama kaɗan, uku zuwa biyar, masu faɗin abin da za a yi: "muna tafiya a hankali" ta fi "kada a yi gudu" shiga kan ƙaramin yaro. Ki roƙa kada alewa ta zama ladan kullum, domin sukari na lalata haƙori. Kada kuma a hana yaro abincinsa ko zuwa bayi da sunan horo.

A gida ki riƙa yaba aikin da sunansa: "Na ga ka ba ƙanwarka fensir, Allah ya yi maka albarka." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kada ya karye.