Leƙa Gidan Wasu: Bukukuwan Mutanen Ailan

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, inda mishan da yawa suka fito suka zo Nijeriya. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, a al'adarsu ta gargajiya biki ba ya ƙarewa a ƙofar majami'a. Yana bin mutane har cikin gida da gona.

Ran 1 ga Fabrairu ake tunawa da Birijit mai tsarki ta garin Kildare. A jajibirin ranar iyali sukan zauna su saƙa gicciye da ciyawar fadama, su rataye bisa ƙofa, suna roƙon tsari daga gobara. Tun 2023 gwamnatinsu ta ba da hutu saboda wannan biki.

Ran 17 ga Maris ta Fatrik ce, wanda ya yi musu wa'azin bishara a ƙarni na 5. Sukan maƙala wani ɗan ganye mai kunne uku a riga, don an ce da shi ya kwatanta musu Allah ɗaya cikin uku. Manoma kuma sukan fara shukar dankalin Turawa a lokacin.

Ran 23 ga Yuni, jajibirin ranar Yohanna Mai Baftisma, akan hura babbar wuta da dare. A da, manomi yakan ɗebi garwashinta ya kai gona don neman albarka. Masana sun ce wannan al'ada ta girmi zuwan bishara ƙasar.

Daren jajibirin Kirsimati, autan gida yakan kunna kyandir a taga, a bar ƙofa ba sakata. Manufar ita ce, Maryamu da Yusufu sun rasa masauki a Baitalami, to kada baƙo ya rasa a wannan gida.

Sai kuma 6 ga Janairu, wadda suke kira Kirsimatin Mata, musamman a yankunan Kok da Keri. Ranar nan mata sukan huta, su ziyarci juna su sha shayi, maza su kama aikin gida.

To, maigida, a nan zan tsaya da kai. Kirsimatin da ya wuce, wa ya yi daka, ya ɗebo ruwa, ya wuni a madafa har ya makara sujada? Ka taɓa cewa da ita, "Uwargida, yau ki zauna ki huta"? Yara suna kallo, kuma abin da suka gani a gida shi za su kai nasu gidan.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.