Ruwan Da Ake Fesa Wa 'Ya'yan Talakawa A Amurka

Duk shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, wato lokacin da zafi kan sauka a Amurka, hukumomin birane da dama a can sukan yi ta shelar cewa sun buɗe filayen feshin ruwa domin iyalai masu ƙananan yara, kuma kyauta ne, ba a biyan ko anini. Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, fili ne da aka daɓe da siminti ko roba, aka binne bututai a ƙarƙashinsa, ruwa yana tsartuwa daga ƙasa, wani yana zubowa daga bokitan da aka rataye a sama. Ruwan ba ya taruwa, nan take yake bin magudana ya wuce, saboda haka yaro ɗan shekara biyu zai iya yin tsalle-tsallensa a ciki ba tare da fargabar nutsewa ba, uwarsa na zaune a inuwa tana kallonsa.

Babu shakka wannan abu ne mai kyau, kuma duk mai adalci dole ya faɗi haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta tabbatar da cewa babu abin da ya fi kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a Amurka kamar nutsewa a ruwa. Sannan ga talakan da ke haya a saman bene, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba kuɗin zuwa bakin teku, ga yara uku suna ta kuka saboda zufa. A wurin irin wannan bawan Allah, filin da zai kai 'ya'yansa su sha iska su jiƙa jiki ba tare da an tambaye shi tikiti ba, babbar rahama ce. Da za a sa kuɗin shiga, ko da kaɗan ne, to shi ne farkon wanda za a kora, domin mai hali dama yana da tafkin wanka a bayan gidansa.

Sai dai ya kamata 'yan'uwa matasa su san cewa wannan ruwa ba haka kawai ya fara tsartuwa ba. Akwai tarihi a ƙarƙashin daɓen, kuma tarihin ba mai daɗin ji ba ne.

An yi zamanin da Amurka ke alfahari da manyan tafkunan ninkaya na gwamnati. A lokacin zafin 1936 kaɗai, birnin Niyok ya buɗe guda 11 da kuɗin shirin samar da aikin yi na Shugaba Roosevelt, kowane ɗaya na ɗaukar dubban mutane. Amma a garuruwa da yawa baƙar fata ba shi da rabo a ciki, alhali da harajinsa aka gina su. Ranar 21 ga Yuni, 1949, hukumar birnin St. Louis ta ba baƙaƙen fata izinin shiga tafkin Fairground. Kafin rana ta faɗi dubban fararen fata sun yi wa wurin zobe da sanduna da duwatsu, suka yi ta dukan duk baƙin da suka ci karo da shi. Maimakon a hukunta masu duka, sai magajin garin ya mayar da dokar wariya. Da kotu ta tilasta buɗe tafkin ga kowa a 1950, fararen suka ƙaurace masa, bayan 'yan shekaru aka rufe shi.

A jihohin kudu kuwa, salon da mahukunta suka ɗauka shi ne na a fasa kowa ya rasa. Da baƙaƙen fatan Montgomery a Jihar Alabama suka shigar da ƙara kan wuraren shaƙatawa, sai birnin ya rufe dukkan wuraren tun daga farkon 1959, aka kawo ƙasa aka cike tafkin Oak Park. Ko da aka sake buɗe wuraren a 1965, tafkin bai dawo ba. Birnin Jackson na Misisipi ya bi sahu: ya rufe tafkunansa huɗu, na biyar ɗin kuma ya sakar wa wata ƙungiya ta ci gaba da gudanar da shi ga farare zalla. Aka kai maganar har Kotun Ƙoli, kuma a 1971 alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce birnin bai karya doka ba, wai tun da an hana kowa, to an yi daidaito. Abin da alƙalan suka kau da kai daga gare shi shi ne cewa masu kuɗi sun koma ƙungiyoyin wanka na kansu da tafkunan bayan gida, ɗan talaka ne aka bari a titi, baƙi ne shi ko fari.

To yaron da aka bari a titi ina zai nufa? Sai famfon 'yan kwana-kwana. A unguwannin talakawan Shikago da Niyok al'ada ce tsohuwa, in zafi ya yi zafi a sami mai ƙarfi ya kwance famfon kashe gobara na bakin hanya, yara su yi ta wasa a cikin ambaliyar. Ranar 12 ga Yuli, 1966, 'yan sanda suka je wata unguwar baƙaƙen fata a yammacin Shikago suka ƙulle irin wannan famfo, mutanen unguwa suka sake buɗewa, suna cewa ai a unguwar fararen da ke maƙwabtaka da su ba a ƙulle ba. Daga nan rikici ya ɓarke, aka kwana uku ana ɗauki-ba-daɗi, mutum biyu suka rasa rayukansu, sai da aka turo dubban dakaru. Bayan jini ya zuba ne magajin gari Richard Daley ya zauna da Martin Luther King, ya amince a sa wa famfunan kawunan feshi, a kuma kawo tafkunan tafi-da-gidanka cikin unguwar. Abin da bai taka kara ya karya ba wajen kuɗi, sai da aka biya shi da rai biyu.

Wannan dabara ta kan feshi tana nan har yau a Niyok. Duk wanda ya kai shekara 18 zai iya zuwa ofishin 'yan kwana-kwana na unguwarsu ya nemi a ɗaura wa famfon layinsu, ba ko sisi. Lissafin a fili yake: famfon da aka kwance haka nan yana zubar da sama da galan 1,000 a minti ɗaya, yana iya tunkuɗa yaro gaban mota, yana kuma rage ƙarfin ruwan kashe gobara, amma da kan feshi bai wuce galan 25 ba. An ga illar rashin irin wannan tsari a zafin Yulin 1995 a Shikago, lokacin da ma'auni ya kai digiri 41, mutane suka kwance famfuna sama da 3,000, har wasu unguwanni suka rasa ruwan sha a gidajensu. Mutum 739 zafin nan ya kashe cikin 'yan kwanaki, akasarinsu tsofaffi matalauta da ke zaune su kaɗai, tagoginsu a rufe saboda tsoron ɓarayi.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa a 'yan shekarun nan hukumomi suka fi zumuɗin gina filin feshi a kan tafki? Amsar ita ce araha. Ginin ya fi sauƙi, kulawar ta fi sauƙi, kuma yawanci ba a buƙatar ɗaukar ma'aikatan ceto da za su zauna suna gadin masu wanka, waɗanda tun bayan annobar korona ta 2020 suka yi wuyar samu. Shi ya sa a garuruwa da dama in tsohon tafki ya lalace, sai a cike shi a daɓe, a kafa bututan feshi, a gayyato 'yan jarida a yanka kintinkiri. Da babu gara ba daɗi, haka ne. Amma ba a koyon iyo a ruwan da bai kai idon sawu ba, kuma saurayi ɗan shekara 14 ba zai je ya tsaya cikin jarirai ba, kogi zai nufa ko wani rami. Alƙaluman CDC sun nuna cewa a tsakanin yara 'yan shekara 10 zuwa 14, baƙar fata na mutuwa a tafkin wanka fiye da ninki bakwai na farar fata. Kakan da aka hana shiga ruwa bai koya wa ɗansa iyo ba, ɗan ma bai koya wa jika ba. Idan aka maye gurbin tafki da feshi a unguwar talakawa, to an sanyaya wa ƙananan jiki ne, amma wannan gadon yana nan inda yake.

Akwai kuma batun amana, wanda shi ne ya fi tayar da hankali. Wasu filayen ruwan famfo suke fesawa ya wuce magudana sau ɗaya. Wasu kuwa tattara ruwan suke yi a tanki a ƙarƙashin ƙasa, a tace shi, a zuba masa kulorin, a sake fesawa. To masu wasa a ciki yara ne masu ƙunzugu, suna zama a kan bakin bututu, na kusa da su kuma yana buɗe baki yana tarar ruwan. Rahoton da CDC ta fitar a 2024 ya ƙirga ɓarkewar cuta sau 60 daga irin waɗannan filaye tsakanin 1997 da 2022, mutum sama da 10,000 suka kamu, akasari da wata ƙwayar cutar gudawa da ke iya yin mako guda ko fiye a cikin ruwa mai kulorin ba ta mutu ba. A 2005 fili ɗaya kacal a gaɓar Tafkin Seneca ta Jihar Niyok ya kwantar da mutum fiye da 2,000. A Satumban 2021 kuma wani yaro ɗan shekara 3 ya rasu a Arlington ta Jihar Tekzas, bayan wata ƙwayar halitta da ke shiga ta hanci ta ci ƙwaƙwalwa ta kama shi a filin feshi na hukumar birnin. Da aka binciki littafin ma'aikata, sai aka tarar a ranaku biyu cikin ukun da yaron ya je wurin ba a rubuta gwajin kulorin ba. Aikin da bai fi mintoci kaɗan ba, wani ya ga ba sai ya yi ba, tun da masu zuwa wurin ba biya suke yi ba balle su yi ƙorafi. Alhali sun biya, tun ranar da aka cire musu haraji.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Damagaram zai iya cewa wannan maganar masu ƙoshi ce, kuma yana da hujja, domin garin da ake sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa ba a yi masa zancen fesa ruwa sama. Amma yaro yaro ne a ko'ina, in zafi ya dame shi sai ya nemi ruwa. A nan abin da ke tsaye a matsayin famfon 'yan kwana-kwana shi ne kududdufi, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini aka bar shi a buɗe, kwatamin unguwa na kwarara a ciki. Daga nan ake kwaso tsargiya, yaro ya riƙa fitsarin jini har wasu iyaye su ɗauka alamar girma ce. Daga nan kuma ma'aikatan kwana-kwana na Kano kan tsamo gawarwakin yara da samari, a ba da sanarwa a rediyo, a ja kunnen iyaye, shi ke nan sai wata shekara. Ba a jin wanda aka tuhuma kan barin ramin, ba a kuma jin inda aka tanada wa yaran su je maimakonsa. Bulala ba ta hana wanka a watan Afrilu, kamar yadda makullin ɗan sanda bai hana shi a Shikago ba.

Matasan da ke da ƙanne ko 'ya'ya ƙanana su ne suka san kowane kududdufi a unguwarsu da sa'ar da yara kan sulale su tafi. Su ne kuma za su iya tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma da mai unguwa su nemi a cike ramin ko a katange shi, su tambayi inda aka kai kuɗin rijiyar burtsatsen da aka yi alƙawari. Inda burtsatse mai aiki da hasken rana ya riga ya samu, daɓe ɗan ƙarami da bututu mai huda-huda a gefensa, a buɗe na sa'a ɗaya bayan La'asar, ruwan ya gangara wa itatuwa ko lambu, bai fi ƙarfin ƙungiyar samarin unguwa ba, muddin an ware mutum ɗaya sananne da alhakin tsaftar wurin ke wuyansa, kuma ba a mayar da ruwan da ya taɓa ƙasa cikin tanki ba.