Ƙafa Bakwai Daga Ƙasa



A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da hannunsa. Ya ɗaura masa injin Honda Civic, ya sa kujerun tsohuwar Toyota, da kuɗin da yake samu a gyaran waya da kwamfuta. Wata 8 yana fama. Jirgin ya tashi kamar ƙafa 7, mutane suka ce ai wannan wasan yara ne.

Wasan yara? A 1907 Paul Cornu, mai haɗa kekuna a Faransa, ya gwada nasa, bai ko kai tsayin gwiwar mutum ba, amma har gobe sunansa na cikin tarihi. Igor Sikorsky ya ƙera nasa a Kiev a 1909, ya ƙi tashi. Sai 1939, a Amurka, jirginsa VS-300 ya ɗaga, shi ma a ɗaure da igiyoyi. Shekara 30! A nan ya dace da dabarar ƙaramar farfela a wutsiya, wadda ke hana jikin jirgi jujjuyawa idan babbar farfela ta ɗauki gudu. Ya kai ga haka ne don yana da ma'aikata, da injiniyoyi, da masu zuba kuɗi ko gwaji ya lalace.

Mu kuwa namu manyan hoto suka iya. Yaro ya ƙera abu, a zo da jerin motoci, a ɗauki hoto, a yi alkawari, a watse. Hoto, alkawari, shiru. Wallahi abin na ci mini rai.

Ku zaga garejin Katsina, ku ga yaro da baƙin gilashi yana walda a rana, ya sauke injin babur ya mayar ba takarda. Ga ƙarfen da zai yi gwaji da shi, 'yan gwangwan sun auna a sikeli, an loda wa tirela an fita da shi. Injin da zai koya wa yara goma aiki ya tafi a kuɗin kilo.

A nan Katsina muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, muna da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Alhazan garin nan, don Allah ku haɗa kuɗi ku gina rumfar gwaji kusa da su, ku ajiye tsofaffin injuna, ku biya malamin da zai tsaya a kan yaran nan na tsawon shekaru, ko da jirgin farko ya ƙi tashi.